Kaka, Jika da Jin Ƙai: Amsa ga Mai Son Rubuta Tarihin Kakarta

Wasiƙa mafi tsawo da ta iso mini a wannan karon ta wata budurwa ce, wadda kakarta ta wajen uwa ta rasu wata biyu da suka wuce. Tana so ta rubuta 'yan shafuka a kan rayuwar tsohuwar saboda ƙannenta da ba su yi wayo da ita ba, sai ga kalmomi suna yi mata gardama. Ga gutsuren abin da ta ce:

"Malam, kakata mace ce mai son 'ya'yanta da jikokinta, kuma ba ta iya wuni a ɗaki. Da gari ya waye tana gindin bishiya, ko ta kama hanyar rafi, ko ta tafi duba wani nata. Na rasa kalmar da zan kira wannan hali da ita. Sannan na ga mutane suna rubuta addu'ar da ake yi mata iri-iri, wasu jikanta, wasu jiƙanta. Wanne ne daidai? Shin jiƙawa ake nufi, kamar yadda ruwa ke jiƙa ƙasa?"

'Yata, kafin komai ina yi miki ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙurin rashinta. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ta fi daɗewa tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Abubuwa uku ne suka yi kama a baki, alƙalami kuma ya cakuɗa su. Akwai jika, ɗan ɗa ko ɗan 'ya, wato ke kanki. Akwai jiƙa, sanya abu a ruwa har ya sha. Na ukun kalmomi biyu ne, ji da ƙai. Ƙai tsohuwar kalma ce mai nufin tausayi, wadda a yau da wuya a ji ta ita kaɗai, sai a cikin jin ƙai. Ita ce muke faɗa kullum idan muka ce Allah Mai rahama ne, Mai jin ƙai. To addu'ar da ake yi wa kakarki ita ce Allah ya ji ƙanta, ma'ana Allah ya ji tausayinta.

Za ki ce ina ƙai a cikin ƙanta? Dubi kai da rai. Muna cewa kaina, raina, amma idan harafin n na mallaka ya rufe gaɓar sai mu ce kanta, ranta, kansa, ransa. Wasalin i yakan faɗi. Haka ƙai take yi: ƙaina, ƙanta, ƙansa, ƙanmu. Mai roƙa wa kansa yakan ce Allah ka ji ƙaina, kin ga a nan kalmar ta fito sarai. Kuma wannan n ɗin shi ne babbar shaida. Da jiƙawa da ruwa ake nufi, da sai a ce Allah ya jiƙa ta, kamar yadda ake cewa ruwan sama ya jiƙa ta, babu n ko ɗaya a tsakani. Na san mutane da dama suna jin addu'ar da ma'anar jiƙawa, suna hango rahama tana sauka kamar yayyafi, har sukan ƙara da cewa "da rahama". Hoto ne mai kyau, ban ga laifin zuciyar da ta hango shi ba. Amma asalin ginin jimlar tausayi ne.

Wajen rubutu, ni na fi son a raba: Allah ya ji ƙanta. Wanda ya haɗe ya rubuta jiƙanta bai ɓata ma'ana ba, an saba da hakan. Abin da nake roƙo shi ne kada a yar da lanƙwasar ƙ. Idan aka rubuta jikanta, abin da ke kan takarda shi ne jikan wannan mata, kuma a rubutun da jika ke yi a kan kakarta wannan ruɗani ba ƙarami ba ne. Kusan kowace waya a yau tana da hanyar saka allon rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Ki nemo shi kafin ki fara.

Kin kuma tambaya a ƙasan wasiƙar ko ya dace ki rubuta cewa kakarki ta mutu. Ba kuskuren nahawu ba ne, sai dai kalmar tana da kaushi a wannan wuri. Mutu ta kowa ce da komai: dabba ta mutu, agogo ya mutu, wuta ta mutu, aure ya mutu. Rasu ta ɗan Adam ce shi kaɗai. Tushenta rasa, wato neman abu a kasa samu. A 1960 masanin Hausa F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa rukuni bakwai, kuma rukuni na 7 shi ne masu ƙarewa da u, waɗanda ke nuna aikin ya auku a kan abin da ake magana: tara ta ba da taru, gyara ta ba da gyaru, raba ta ba da rabu. Rasa ta ba da rasu. Don haka idan kika ce ta rasu, abin da kika faɗa shi ne an rasa ta. Kalmar tana ɗauke da waɗanda aka bari, tana ɗauke da ke da kika leƙa gindin bishiyar ba ki gan ta ba. Daga tushen nan ne rashi ya fito, shi ya sa ake cewa an yi mana rashi ba tare da an ambaci mutuwa ba.

Akwai wasu hanyoyin. Ta cika, ana faɗinta ne game da lokacin fitar rai, kamar a ce ta cika da asuba. Rai ya yi halinsa, ita ma haka. Ta riga mu gidan gaskiya kuwa tana da 'yar uwa da mutane ba su cika lura da ita ba, wato marigayiya. Tushenta rigaya, riga wani isa wuri. An sa mata ma a gaba kamar yadda ake yi wa manomi da maɗinki da marubuci, sai ta zama mai rigaya. Namiji marigayi, mace marigayiya, jam'i marigaya. Wanda ya riga ka, hanya ɗaya kuke bi, shi dai ya isa kafin kai. Ina ganin babu kalmar da ta fi wannan dacewa da matar da kika ce kullum tana gaba a hanyar rafi kuna biye da ita. Mamaciya ma Hausa ce mai kyau, amma ta fi zama a bakin wanda bai san mai rasuwar ba. Matacciya kuwa kada ta kusanci rubutunki.

Yanzu ga halin nan nata da kika rasa sunansa. Kin ce kin gwada "mai son waje" kin ji bai zauna ba. Kunnenki ya yi gaskiya. Waje kishiyar ciki ce kawai, kuma tana jan hankali zuwa ƙasar waje ko mutumin waje. "Mai son yawo" ta fi muni, don yawo idan aka jingina shi ga mutum a matsayin hali yakan ɗauki ƙanshin zargi. Shan iska ya fi kusa, amma shi ɗan taƙi ne na yamma, bai kai girman abin da kike bayyanawa ba.

Gaskiyar magana, Hausa ba ta tara duk abin da ke bayan ƙofar ɗaki ta ba shi suna ɗaya ba, ta bi shi ne ɗaya bayan ɗaya ta raɗa wa kowanne nasa. Fili shi ne wurin da babu gini babu cunkoso. Sarari ya haɗa da buɗewar sama, shi ya sa ake cewa sararin samaniya, ake kuma cewa na samu sarari idan aiki ya sassauta. Dubi wannan da kyau: kalmar da ke nufin buɗaɗɗen wuri ita ce ke nufin sauƙin rai, kamar yadda ƙunci yake nufin matsattsen wuri da matsattsiyar zuciya. Daji da jeji abu ɗaya ne, bambancin karin harshe ne. Dawa ma daji ce, ita ke cikin namun dawa. Idan aka yi nisa da mutane sai a ce dokar daji ko ƙungurmin daji. Kurmi shi ne inda itatuwa suka yi duhu. Fadama ƙasa ce mai kwari da damshi wadda ke riƙe ruwa bayan damina. Fako busasshiyar ƙasa ce mai tauri da ciyawa ba ta son ta. Jigawa tudun yashi. Ga rafi, ga ƙorama, ga gulbi, ga tafki, kowanne da girmansa da yadda ruwansa ke tafiya ko yake kwance.

Saboda haka shawarata ita ce ki daina farautar kalma ɗaya. Ki tambayi kanki ina take zuwa, kuma da wane lokaci. Da sanyin safiya ne, raɓa ba ta bushe ba? Da hantsi ne, wanda ake yi wa kirari da leƙa gidan kowa? Ko da la'asar sakaliya, rana ta yi laushi? Idan kika rubuta cewa ɗaki ba ya riƙe ta, da hantsi ya dubi ludayi tana bakin fadama, ƙannenki za su gan ta. Idan kuma dole sai kin taƙaita a jimla ɗaya, ki ce mace ce mai son sarari, ko ki ce ranta ya fi sakewa a filin Allah. Dukansu Hausa ce da kunne ba zai yi tuntuɓe da ita ba.

Ni ma tawa kakar haka take. Abin da na fi tunawa da ita shi ne ba ta taɓa ce wa itace "itace" ba. Kowanne da sunansa take kiransa, kamar maƙwabci. A bakinta na fara jin cewa gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da kowane itace ke yin kore, sannan ya yi lif da rani lokacin da sauran suka tsaya tsirara. Na girma na karanta hakan a littattafan masana tsirrai, na tarar ba su ƙara mini komai a kan abin da ta faɗa ba.

Wannan ya kawo ni kan tambayarki da ta fi sa ni tsayawa. Kin ce a cikin masu ta'aziyya wani ya ce kakarki inuwar giginya ce, kin ji daɗin maganar har kina so ki sa ta a kan rubutun. 'Yata, kada ki sa. Na tabbata mai maganar alheri ya nufa, amma karin maganar cikakkenta shi ne inuwar giginya, na nesa ka sha. Giginya doguwa ce, takan haura mita 20, ba ta da reshe, ganyenta duk yana can ƙoli. Wanda ya zauna a gindinta rana ce za ta dake shi, inuwar tana can ta faɗa nesa. Ana faɗin wannan ga mutumin da bare ke morar alherinsa, nasa na jiki suna kallo. Matar da kika ce ba ta iya kwana uku ba ta ji labarin kowane jika ba, wannan magana kishiyar halinta ce. Haka kuma ki guji inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya, don ita ta mai alheri ce wanda ke haɗa shi da cutarwa.

Idan itace kike so, ga rimi. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. An zaɓi rimi ne don yana cikin mafi tsayin itatuwan da Bahaushe ya sani, sai karin maganar ya ce tsawon kwana ya fi shi tsawo. Ga kuma kuka, wadda masana suka auna shekarun wasu daga cikinta suka tarar sun haura 1,000. A kanta ne ake cewa ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa: 'ya'yanta ake so, ita ke shan duwatsu. Duk kakar da ta taɓa tsayawa ta karɓi faɗa a madadin jikan da ya yi ɓarna ta san wannan magana a jikinta. Kusa da ita akwai babba juji ne, wato kowa ya kwaso damuwarsa a kansa yake zubarwa, shi kuma ya haɗiye. Wasu matasa suna jin kalmar juji su ɗauka raini ne. Yabo ne, kuma mai nauyi. Ba ni da wani karin magana a kan gawo da zan ba ki, amma ba a hana ki ƙirƙirar kwatancenki ba. Idan ita ce mai inuwa a lokacin da kowa ya kaɗe, ki faɗi hakan da bakinki.

Sai dai karin maganar da na ga ya fi kama da ita tun daga layin farko na wasiƙarki shi ne zumunta a ƙafa take. Kin kawo son dangi da son fita kamar halaye biyu ne dabam. Ni ina ganin a wurinta ɗaya ne. Zumu shi ne ɗan uwa ko makusanci, daga gare shi aka sami zumunta da zumunci, har ake cewa zumu zuma ne. Karin maganar yana cewa wannan dangantaka ba ta rayuwa da suna kawai, sai an taka an je. Ƙafar da ke kai ta rafi ita ce ke kai ta gidan 'yarta. Wanda ya saba da hanya, nisa ba ya yi masa nauyi.

A nan ki kula da kalmar da za ki zaɓa. Iyali daga Larabci take, kuma a bakin Bahaushe ta fi nufin waɗanda ke ƙarƙashin kulawar mutum, har magidanci yakan ce iyalina yana nufin matarsa. Zuri'a ma Balarabiya ce, tana gangarowa ƙasa ne kawai: 'ya'ya, jikoki, da na bayansu. Dangi ta fi faɗi, ta kama hagu da dama. 'Yan uwa kuwa, in kika fasa ta, 'ya'yan uwa ce, amma ta buɗe har ta rungumi duk wanda ake jin kusanci da shi, alhali 'yan uba ta tafi ta haifi 'yan ubanci, wato kishi da gasa. Ga macen da kika bayyana, ni zan ce mai riƙon zumunci ce, zuri'arta kuma ita ce sanyin idonta.

Wani mai karatu, wanda shi ma ya rasa kakarsa bara, ya tambayi bambancin kewa da bege da alhini. Alhini da jimami da juyayi na kwanakin farko ne, lokacin da abin ke juyawa a rai. Kewa takan zo daga baya, kuma tana da alaƙa da gurbi: wurin da mutum ya saba zama ya zama wayam. Shi ya sa ake ɗebe kewa, kamar abu ne da ya taru ake rage shi kaɗan kaɗan, kuma wanda ya zo ya zauna da kai ya ɗebe maka ita. Bege ya fi zafi, ƙishin ganin wanda ake ƙauna ne, shi ya sa waƙoƙin yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ake kiransu bege. Malam, idan ka shiga gidan ka ji shiru ya yi yawa, kewa ce. Idan ka ji da ma ka ga fuskarta ko sau ɗaya, bege ne. Mutum yakan ji duka biyun a wuni ɗaya.

Shi wannan mai karatu ya ƙara da tambayar ko kaka ta haihuwa da kaka lokacin girbi kalma ɗaya ce, tunda duka suna zuwa ne bayan an sha wahala an ga amfani. Tunanin ya burge ni. Abin da zan iya tabbatar maka shi ne a aikace sun rabu. Kaka ta haihuwa tana ɗaukar namiji da mace, a ce kakana a ce kakata, tana da jam'i kakanni, wanda ke miƙewa har ga magabatan da ba a gani ba, kamar a cikin kaka da kakanni. Kaka ta shekara mace ce kullum, ita ke biyo damina kafin hunturu ya kankama, kuma ba a ce mata kakanni. Kamannin rubutu shi kaɗai ba ya zama hujjar tushe ɗaya. Amma idan a waƙa ko a rubutun tunawa ka haɗa su, ka ce kakarka ta ga kakarta, ta girbe abin da ta shuka tana raye, wannan hikima ce, kuma harshe ya ba ka dama.

Na koma gare ki, 'yata, kan 'yar tambayar da kika maƙala a gefe. Kin ce wata uku kafin rasuwarta an ɗora mata jaririn yayarki a cinya, kina so ki san sunan wannan dangantaka. Ke jika ce, ana kuma cewa jikanya ga mace, jam'i jikoki. Ɗan jika shi ne tattaɓa-kunne. Daga taɓa aka ninka gaɓar farko aka sami tattaɓa, kamar buga da bubbuga, don nuna maimaita aiki a hankali. Harɗaɗɗiyar kalma ce, don haka ki sa mata karan ɗori a tsakiya kamar ɓata-gari da rufa-ido. Ba ta canzawa ga namiji ko mace, kuma wajen ƙidaya a haka ake barinta: tattaɓa-kunne ɗaya, tattaɓa-kunne bakwai. Ki rubuta sunan yaron da ranar da aka ɗora mata shi, da inda take zaune a lokacin. In a gindin bishiyar nan ne, ki faɗi wace bishiya ce.